Jackson 5: 'yan'uwan da suka bar sunansu a hannun kamfani

Hadiza: Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Yaya Sani ya shigo mana da tsohon faifan garmaho, yara biyar a jikin kwalin, kowa da tulin suma.

Sani: Jackson 5 ke nan, Hadiza. Jackie, Tito, Jermaine, Marlon, sai ƙaraminsu Michael. Uwa ɗaya uba ɗaya, 'yan garin Gary a jihar Indiana ta Amurka. Mahaifinsu Joe a masana'antar ƙarfe yake aiki, 'ya'ya tara cikin gida mai ɗakin kwana biyu.

Hadiza: Shi ne wanda ake cewa da duka ya koya musu waƙa?

Sani: Michael da bakinsa ya faɗi haka bayan ya girma, kuma abin yana sosa min rai duk sanda na ji muryar yaron nan. A 1967 suka ci gasar sababbin mawaƙa a dandalin Apollo da ke unguwar Harlem a birnin New York. Daga nan sai Motown, kamfanin waƙa na Berry Gordy. Ƙarshen 1969 aka saki "I Want You Back", Michael yana ɗan shekara 11.

Hadiza: Sha ɗaya! Amma yana rera ta kamar wanda ya taɓa rabuwa da mace.

Sani: Ai abin da ya kama mutane ke nan. A 1970 waƙoƙinsu huɗu a jere suka hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka: wannan, da "ABC", da "The Love You Save", da "I'll Be There".

Hadiza: To Yaya, mai irin wannan kasuwa me zai raba shi da kamfani?

Sani: Ba a barinsu su rubuta waƙarsu. Marubutan kamfani ne ke tsara komai. Tito gwanin jita ne, amma a situdiyo makaɗan Motown ake kira. Kuɗin da ke shiga hannunsu kuma bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa a 1975 suka ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin waƙa, Epic. A nan aka ce musu sunan Jackson 5 mallakar Motown ne.

Hadiza: Sunan gidansu fa!

Sani: Dole suka koma The Jacksons. Wanda na fi tausaya wa shi ne Jermaine. A lokacin yana auren Hazel, 'yar Berry Gordy, tun 1973. Ga suruki a gefe, ga mahaifi da 'yan'uwa a gefe. Ya zauna a Motown, ƙaninsu Randy ya maye gurbinsa.

Hadiza: Ni ban ga laifinsa ba, wallahi. Duk wanda ya zaɓa sai an ce ya ci amana.

Sani: Haka ne. Amma tafiyar ta yi musu rana. Kundin "Destiny" na 1978 su suka tsara shi da hannunsu, kuma Michael da Randy ne suka rubuta "Shake Your Body". Ni a ganina nan aka fara jin ainihin muryarsu.

Hadiza: Sun sake haɗuwa da Jermaine kuwa?

Sani: Sun haɗu a bikin cikar Motown shekara 25 a 1983, sannan su shida suka fitar da kundin "Victory" a 1984. Michael ya rasu a 2009, Tito a 2024. Miƙo min faifan nan, Hadiza, ki ji yadda Jermaine ke amsa wa ƙaninsa a "I'll Be There".