Kayan da kake buƙata kafin ka fara haska gem kai tsaye daga ƙauye

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Samarin Ringim, Gwaram, Bichi da Rano masu son a kalle su suna buga eFootball ko Free Fire kai tsaye, tambayarsu ta farko kusan ɗaya ce: wace kyamara zan saya? To, ajiye maganar kyamara tukuna. A karkara abu biyu ne ke kashe shiri tun bai fara ba, sabis da wuta.

Mu fara da sabis, don nan ne aka fi ruɗewa. Wani zai ce ai a garinsu bidiyo na buɗewa ba tsayawa. Wannan saukewa ce. Kai kuma ɗorawa za ka yi, wayarka ce za ta riƙa tura hoto da murya waje, kuma ƙarfin ɗorawa yakan gaza na saukewa nesa ba kusa ba. Buɗe Speedtest, manhajar auna ƙarfin sabis, ka duba lambar ɗorawa, wadda kibiyarta ke kallon sama. Hoto mai girman 720p yana cin wajen megabit 3 a daƙiƙa, saboda haka ka nemi lambar ta kai 5 ko 6, domin shi ma gem ɗin yana jan nasa. Kada ka yi gwajin da hantsi lokacin da mutane ke gona. Yi shi bayan sallar isha'i, sa'ad da kowa ya hau waya, tunda lokacin ne za ka haska. Gwada MTN, gwada Airtel, gwada Glo, a ɗakin da za ka zauna. Layin da ya fi ƙarfi a bakin kasuwa ba lallai ya fi a zaurenku ba.

Ga lissafin da ba a cika gaya wa mutane ba: megabit 3 a daƙiƙa, idan ka yi awa guda, ya cinye maka data kusan gig ɗaya da rabi. Awa biyu kullum har wata, ka doshi gig 80. Kuma tun farkon 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Idan aljihu bai kai ba, sauko 480p, ka rage wajen rabi. Mai kallonka ma a waya yake, shi ma datarsa yake tattali.

Inda sabis ke da rauni, ƙaramar rauta ta 4G, wato na'urar da ke kama sabis ta raba shi ta Wi-Fi, da aka rataye a taga ko aka ɗaga sama tana taimakawa fiye da yadda kake zato. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, ya shigo Najeriya a 2023, yana aiki ko'ina aka ga sararin sama, amma kuɗinsa na mai gidan gem ne ko 'yan haɗaka.

Sai wuta. Kada ka jingina shirinka da wutar gari. Mai waya ya samu fawa bank mai mAh 20,000, ya cika ta da rana a sola ko a wajen mai caji. Amma ga zafi: a watan Afrilu, a Haɗeja ko Gumel, yakan wuce digiri 40. Waya tana gem, tana ɗora bidiyo, tana caji, duk lokaci guda. Idan ta ɗau zafi da kanta take rage gudu, hoto ya fara tsinkewa, ka ɗauka laifin sabis ne. Cire mata riga, kunna mata ƙaramar fankar caji ta bayanta, ka fara da batir a cike.

Ita kanta wayar, a ganina kada RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take riƙe manhajojin da ke aiki, ya gaza gig 6. Ta hannu ma ta isa. In ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kafin ka biya, buɗe gem mai nauyi tare da manhajar haskawa irin su Streamlabs ko Prism Live Studio, ka buga na ɗan lokaci, ka taɓa bayanta ka ji.

Murya kuwa, nan ya kamata ka kashe ɗan abin da ya rage. Mutane na haƙuri da hoto dishi-dishi, amma ba sa jure ƙarar injin niƙa da kukan awaki a kunnensu. Iyafis mai makirfo ya wadatar da farko, daga baya ka sayi ɗan ƙaramin da ake maƙalawa a wuyan riga. Ɗakin ƙasa mai katifa da labule ya fi shago mai rufin kwano, musamman da damina. Janareto kuma, a kai shi bayan gida. Kada ka saka waƙar wani a ƙarƙashin muryarka, YouTube na gane ta.

Masu PS4, kuna da sauƙi. Maɓallin Share da ke jikin hannun wasan yana haskawa kai tsaye zuwa YouTube ko Twitch, ba sai da kwamfuta ba. Sai in kana son ƙawata allon ne za ka nemi laftof, da manhajar haskawa ta OBS wadda kyauta ce, da 'yar na'urar ɗauko hoto ta HDMI. A nan dole ka shiga saitin PS4 ka kashe HDCP, makullin da ke hana kwafar hoto, in ba haka ba baƙin allo za ka gani.

Dandalin ma yana da sharaɗi. YouTube na son ka tabbatar da lambar waya, ka jira har awa 24 a karon farko, kuma mai haskawa daga manhajarsu ta waya sai ya tara mabiya 50. TikTok galibi sai mabiya 1,000, da shekara 18.

Kyamara? Ta gaban wayarka da ƙwan sola ɗaya a gaban fuskarka sun isa, da yawa ma ba sa nuna fuska ko kaɗan. Abin da ba za ka manta ba shi ne rufe sanarwar saƙonni kafin ka danna farawa. Duk abin da ya faɗo kan allon, alat na banki ne, lambar sirri ce, ko saƙon Hajiyarku na neman ka je ka ɗebo ruwa, kowa zai karanta tare da kai.