Korar baƙi da adalci: daga shari'ar Shugaba Darman zuwa Assamaka

Assalamu alaikum. Na baya can, kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku zan taɓo a kan dokar shige da fice.

Na farko, kowace gwamnati tana da ikon ta ce wa baƙon da ba shi da izini ya tattara nasa ya nasa. Amma wa ya tabbatar baƙon ne? A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice suka dira a gidan Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, ita kuwa NPN ce ke riƙe da gwamnatin tarayya. Ministan cikin gida Bello Maitama Yusuf ya sa hannu, aka ɗauke shi aka kai shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Mutumin da jama'a suka zaɓa fa! Mutumin da aka haifa a Maiduguri! Ba wanda ya zaunar da shi ya ce, Alhaji, kawo shaidarka. An yanke hukunci tukuna, sannan aka shiga neman hujja.

Ɗalibai, ku rubuta wannan. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, ta soke korar, ta sa a biya shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta Kaduna ta sake ba shi gaskiya. Har yau sashe na 41 na tsarin mulkinmu ya hana a kori ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Na sake faɗa: a saurari mutum kafin a sa shi a mota.

Kai, lokaci ya ja. Na biyu, a 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, Hausawan zango da dama suka baro gidaje da shaguna. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, Ghanawa da sauran baƙi suka cika iyakar Seme, tsakanin Najeriya da Benin, da jakunkunan nan da har gobe ake kira Ghana Must Go. Alhali a 1979 aka sa hannu kan yarjejeniyar ECOWAS ta zirga-zirga, kwana 90 ba biza. Na huɗu... a'a, na uku, akwai hannu a sama. Malam, bismillah.

Ya ce ƙanensa yana cikin waɗanda aka koro daga Aljeriya. Allah sarki. Sannu Malam. Ku ji yadda abin yake: motoci kan sauke mutane a wani wuri cikin sahara da ake ce wa Point Zéro, su taka wajen kilomita 15 kafin su isa Assamaka a ƙasar Nijar. Da mata, da yara, wasu ba takalmi, da yawansu an ƙwace musu waya da 'yan kuɗinsu. Shugaba Darman ya samu lauyoyi da jam'iyya da jaridu a bayansa. Ƙanen wannan bawan Allah wa ya tambaye shi sunansa? Malam, in an tashi ka same ni, mu rubuta ranar da aka kama shi da garin da aka kama shi, domin da wannan ake fara kai ƙorafi.