Kowa Na Jiran GTA, Ni Akuya Nake Jira

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da rawar da hoton yake yi, a cikin keke nake, wanda mutanen Kumasi ke kira pragya, mu kuma a Kano mu ce a-daidaita-sahu. Na rufe shago a Adum tun bayan la'asar, na hau trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, na sauka na canza zuwa wannan, yanzu Aboabo muka nufa. Jakar da kuke gani a cinyata tsohuwar kwamfuta ce da wani ya kawo gyara shekara biyu da suka wuce, da ya ji kuɗin sai ya ce ya bar min ita. Yau za ta yi aiki.

Gardama ce ta fito da ni. Daren jiya muna zaune ana dafa ataya, samarin unguwa suka sa ni a tsakiya, wai ni tsoho ne, ban san gem ba, don kawai na ce ba GTA VI, sabon kashin wasan nan na satar motoci da tsere wa 'yan sanda, ne wasan da na fi ƙagara in gani ba. Ɗaya har da tashi tsaye yana nuna ni da cokali. Na ce to, gobe in Allah ya kai mu zan zo har gidan gem ɗinku da hujjata a jaka.

To ga mu. Salamu alaikum, Maigida, sannu da aiki. Ina kasuwa? Madalla.

Ku dubi ɗakin nan. Talabijin huɗu, benci uku, fanka ɗaya mai kuka kamar injin markaɗe. Uku daga cikin talabijin ɗin ƙwallo ake bugawa, na huɗun kuma, kun gani da idonku, GTA V ne. Wannan wasa ya fito ne a 2013. Ya hau PlayStation 3, ya hau 4, ya hau 5, har yau shi ne dai. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da ya fito, yanzu ya isa a aike shi kasuwar Kejetia shi kaɗai ya dawo da canji daidai. Kamfanin Rockstar ya saki tallan farko na kashi na shida a Disamba 2023, aka ce 2025 zai fito, sai aka ɗaga zuwa Mayu 2026, aka sake ɗagawa zuwa Nuwamba 2026. Labarin zai koma Vice City, wani birni na cikin wasan, da mace mai suna Lucia da abokinta Jason. Waɗannan yaran sun haddace tallan nan kamar karatun allo, akwai wanda zai iya gaya maka a daƙiƙa ta nawa kada ya shiga kanti.

Ba wai ba na so ba ne, ni ma zan buga. Amma na tambaye su jiya, kuma ga Maigida nan shaida: a kan me za ku buga shi? PlayStation 5 da sabuwar Xbox aka ambata. Nan ɗakin guda nawa ne? Maigida ya ɗaga yatsa ɗaya, kun gani. Ga kuma nauyi. Manyan wasannin yanzu wasu sun haura gigabait 100, Final Fantasy VII Rebirth ma faifai biyu ya zo da su a 2024. Ka lissafa datar da za ka saya da MoMo, wato kuɗin waya, ka lissafa dumsor, wato ɗauke wuta, ya yanke ka a tsakiyar saukewa. Jiranmu na zango hawa biyu ne: mu jira su gama, sannan mu jira aljihunmu.

Shi kuwa jira, ai mu 'yan da mun ga irinsa iri-iri. Duke Nukem Forever an sanar da shi a 1997, bai fito ba sai 2011, da ya fito kuma mutane suka ce dama an bar shi a inda yake. Masu son Half-Life tun 2007 aka bar su a tsakiyar labari suna zaman jiran gawon shanu. The Elder Scrolls VI a 2018 aka nuna mana duwatsu da suna, shi ke nan, sai ka ce an aiki bawa garinsu. Silksong ne ya fitar da masu jira kunya, an sanar a 2019, ya iso a Satumba 2025.

Bari in ja benci in zauna, akwai abin da kullum yaran nan ke cakuɗawa. Abu uku ne. Akwai ci gaban labari, kashi na biyu ko na uku, wannan kowa ya gane. Akwai kwaskwarima, wato tsohon gida ne aka yi masa fenti aka canza tagogi, amma ɗakunan suna nan inda ka san su, kamar yadda aka yi wa Tomb Raider uku na farko a 2024. Sai sabon zubi, a rushe gidan gaba ɗaya a sake gini a filin, suna da labari kawai za a bari. Haka Capcom ya yi wa Resident Evil 2 na 1998 a 2019, ya kuma yi wa na huɗu a 2023. Haka aka yi wa Silent Hill 2 a 2024. Final Fantasy VII kuwa, wasa ɗaya na 1997 aka raba gida uku, na farko 2020, na biyu 2024, na uku ana ta zuba ido. Ni a ganina sabon zubi ya fi haɗari, don wani lokaci ka shiga gidan ka ga ya fi na da kyau nesa ba kusa ba, amma ka rasa inda kakarka take shimfiɗa tabarma.

To bari in buɗe jaka.

Ni ba da hannun gem na fara ba, da linzamin kwamfuta na fara. Wan babana yana da ofis a Kano, akwai wata kwamfuta mai ƙaton ƙeya da ake buga takardu da ita. Ranar Asabar in an tashi, ɗansa ya saci mukulli mu shiga. Prince of Persia muka fara samu, na 1989, wanda aka ba ka minti 60 ka ceto gimbiya. Sai da na girma na ji cewa mai wasan, Jordan Mechner, ƙaninsa ya ɗauka a bidiyo yana gudu yana tsalle, ya bi hoton ya zana, shi ya sa tafiyar yariman take kamar ta mutum. Amma wanda ya kama ni har yau bai sake ni ba, shi ne Monkey Island.

Ga shi nan a allo. Ku matso, kai ɗan autan benci, zo nan. Irin waɗannan ana ce musu wasannin nuna-ka-danna. Ba harbi, ba tsere. Ka nuna abu, ka danna, ka ɗauka, ka yi magana da mutane, ka haɗa wannan da wancan har ƙulli ya kwance. Monkey Island na farko ya fito a 1990 daga kamfanin Lucasfilm, Ron Gilbert ne jagoransa. Wani saurayi ne mai suna Guybrush da ya rantse sai ya zama ɗan fashin teku, alhali ko takobi bai iya riƙewa ba. Faɗan takobin wasan ma da baki ake yinsa: abokin faɗa ya yi maka gatse, kai kuma ka nemo amsar da ta fi tasa zafi. Duk wanda ya taɓa zama inda Bakano da Bazazzagi suka haɗu, ko ya ga wasan Fulani da Barebari, ba sai an koya masa ba. Da ƙamus a gefe muke bugawa, kuma wallahi rabin Turancina can na samo shi, ba a aji ba.

Akwai inda ƙamus ɗin bai cece mu ba. A kashi na biyu, na 1991, ana so ka rufe wani famfo, kuma da biri za ka murɗa shi. Biri mai rai! Ashe a Turancin Amurka akwai wata sifana da ake kira da sunan biri, wasa da kalma ne suka yi. Mu yaran Kano ina za mu sani? Wata guda muka yi a wurin. Ba intanet, ba wanda za ka tambaya, sai dai ka kwana da abin a ranka ka tashi da shi.

Kashi na biyun ya ƙare a wani irin yanayi da ya bar kowa baki buɗe, sai Gilbert ya bar kamfanin. An yi wasu bayansa ba da shi ba. Disney ya sayi Lucasfilm a 2012, shekara ta zagayo aka rufe sashen da ke yin wasannin. Kowa ya yanke ƙauna. Sai ranar 1 ga Afrilu 2022 mutumin nan ya ce zai yi sabo, aka ɗauka zolayar ranar ce. Ashe da gaske yake. Return to Monkey Island ya fito a Satumbar shekarar, shekara 31 bayan kashi na biyu. Ina nan Kumasi na buga shi, a ɗakina, da daddare. Da aka buɗe sai ga Guybrush ya zama uba, yana zaune a benci yana ba ɗansa labari. Na dubi ɗana yana barci a gefe. Ban danna komai ba na ɗan lokaci.

Wasu sun yi ta surutu a kan zanen, wai ba irin na da ba ne, har mutumin ya ji haushi ya daina magana a kan wasan na wani lokaci. Ni ma da farko zanen bai kwanta min ba. Daga baya na gane ba zanen nake nema ba, ofishin wan babana nake nema ranar Asabar, kuma ba kamfanin da zai iya sayar min da shi.

Dawowar irin waɗannan wasanni ba daga manyan kamfanoni ta faro ba. A 2012 Tim Schafer, wanda ya yi Grim Fandango, ya roƙi jama'a a Kickstarter, wani shafin intanet na tara kuɗi, su haɗa masa dala dubu 400, suka tara masa sama da miliyan 3. Karo-karo dai, irin wanda muke yi in za a gyara masallacin unguwa. Daga nan ƙofa ta buɗe. Kuma ga inda ya shafe mu: ba sa buƙatar na'ura mai tsada. Wannan kwamfutar da mai ita ya yafe tana ɗaukarsu. Akwai manhaja kyauta, ScummVM, da ke kunna tsofaffin har a waya, kuma Beneath a Steel Sky tun 2003 masu shi suka sake shi kyauta. In wuta ta tafi, batir ya riƙe ka.

A'a, Kawu, sannu da zuwa, ina wuni? Bismillah ga wuri. Jama'a, wannan shi ne mai gidan da nake haya, ya zo kiran jikansa. An haife shi a nan, Hausarsa irin ta zango ce, wadda mace ma "ya zo" ake ce mata, har yau in na gyara masa sai ya ce ni ne baƙo. Kakansa fataken goro ne, daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja.

Kawu, wannan ba irin na harbe-harben ba ne. Wani yaro ne marar ƙarfi, da wayo yake cin kowa.

Kun ji abin da ya ce? Wai ai Gizo ke nan. Asantawa kuma su ce Ananse. Wallahi ban taɓa haɗa su ba sai yanzu da ya faɗa. Kuma ba a rasa masu ƙoƙari a nan ba: kamfanin Leti Arts da ke Accra, wanda Eyram Tawia da Wesley Kirinya suka kafa a 2009, sun sa Ananse a cikin aikinsu, a Kamaru ma Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016. Ni da za a tambaye ni, ayarin kakan Kawu zan so a mayar wasa. Ka taso daga Kano da jakuna da kanwa da baƙin rini, ka lallaɓa madugu, ka san abin da za ka ba mai fito a bakin Kwara, ka isa Salaga ka yi ciniki da wanda ba ka jin yarensa, ka dawo da goro bai bushe ba. Ba ka buƙatar harsashi ko ɗaya. Kawu yana dariya, ya ce in an yi a sa masa jaki mai taurin kai.

Taurin kai ya tuna min abin da na zo da shi. Kai mai cokalin jiya, zo ka zauna. Wannan Broken Sword ne, na 1996, aikin kamfanin Revolution na Ingila. Wani Ba'amurke ne, George, yana zaune a gidan shan kofi a Paris aka tayar da bam, ya bi sawun abin har ƙasashe. An yi masa kwaskwarima a 2024, kuma tun 2023 suka sanar da sabon kashi mai suna Parzival's Stone. Shi nake jira, tunda ka tambaya jiya. Na ajiye maka wasan a daidai wani tsohon gini a ƙasar Ayalan. Ga ƙofar da za ka shiga can, ga akuya a ɗaure. Wuce ta kawai.

Ta tunkure shi.

Sake gwadawa. Kai da ka ce kana tsere wa jirage masu saukar ungulu.

Ta sake kayar da shi! Ku ji yadda ɗakin ya ɗauka, har masu ƙwallo sun ajiye hannu sun taso. Wannan akuyar ta yi suna a duniya, manya da gemu sun yi makonni a gabanta. Bari in rage murya kada ya ji: tun farkon wasan a natse ake yinsa, nan kuwa saurin hannu ake so, shi ya sa ba wanda hankalinsa yake zuwa wurin. Ɗaya yana ce masa ya ba ta abinci, wani ya ce ya zagaya ta baya, jikan Kawu ya ce a kira mahauci.

A'a, ajiye wayar nan. Ba a duba amsa a gabana. Maigida, karɓe ta ka riƙe.

To, an kira magariba a masallacin bayanmu, Kawu ya riga ya miƙe yana neman buta. Zan bar kwamfutar a wurin Maigida zuwa Juma'a, caja tana cikin jaka. Kai kuma tashi mu je, akuyar ba inda za ta, a ɗaure take.