Darasi: Yadda Ake Fita Hawan Keke Cikin Ayari a Karkara

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau ya shafi irin fitar da ƙungiyoyin mahaya keke suke yi zuwa karkara da safiyar Asabar ko Lahadi, gajeriyar tafiya wadda ba ta wuce kilomita 20 zuwa 30 ba, zuwa da dawowa. Zan kafa misali da Kano domin nan na fi sani, amma bayanin zai amfani mutumin Zariya ko Katsina ko Maraɗi.

Mutum yana iya shafe shekara 20 yana hawa keke zuwa kasuwa ko gona, amma ranar da ya shiga tsakiyar mahaya 15, ɗan koyo ne. Dalili kuwa shi ne, mai tafiya shi kaɗai kuskurensa a kansa yake tsayawa, shi kuwa na cikin ayari idan ya matse birki ba zato, mutum uku na bayansa za su iya zubewa. Saboda haka ƙungiyar da ta san abin da take yi tana tsara tafiyarta kamar ta fataken da, wato jagaba a gaba wanda ya san hanya, sannan wani gogagge a can ƙarshe, wanda ba ya wuce kowa. Na ƙarshen nan shi ne madugu a wurina, domin shi yake ɗauke da famfo da sholisho da faci da tif na ko-ta-kwana, kuma shi yake tsayawa da duk wanda tayarsa ta sace ko kacarsa ta zame. Gudun ayari kuwa da mafi rauni ake auna shi. Kimanin kilomita 15 a awa ya wadatar ga sababbin shiga, kuma idan ka ga ba ka iya yi wa na kusa da kai magana sai da haki, to jagaba ya yi sauri, a gaya masa ya sassauta.

A fita bayan sallar asuba da gari ya waye, a dawo kafin ƙarfe goma, musamman a watan Afrilu da zafin Kano yake haura digiri 40. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, ya sa hular kwano, ya gwada birkinsa tun daga gida. Lokacin hunturu kuma, a sa riga mai haske saboda hazo.

Idan an bi titin Zariya, aka nufi Kwanar Dawaki domin a karkata zuwa Dawakin Kudu, to sashen babban titin shi ne mafi hatsari saboda tireloli da tankoki. A nan layi ɗaya ake jeruwa, a gefen dama, ba a hira kuma ba a wuce juna. Titin Wudil kuwa ban ba da shawarar a bi shi ranar Juma'a ba, domin ranar ce kasuwar shanu take ci.

Bin bayan wani yana da amfani na gaske, domin na gaba yana tare maka iska, har gwanaye sukan rage kusan kashi uku cikin goma na ƙarfin da za su kashe. Amma wannan sai an saba. Sabon shiga ya bar tazarar tsawon keke guda tsakaninsa da na gabansa, kada kuma ya yarda tayarsa ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, domin da zarar wancan ya kauce wa rami, wanda ke baya ne zai sha ƙasa. Tun da na baya ba ya ganin hanya, wajibi ne na gaba ya zama idonsa: ya nuna rami da hannu yana faɗin "rami", ya ɗaga hannu kafin ya tsaya, na ƙarshe kuma ya yi kira da "mota a baya", maganar ta bi layi baki da baki har ta kai ga jagaba.

Da an sauka daga kwalta an hau burji, a ƙara tazara. Idan aka tarar da yashi, kada a matse birkin gaba, a ci gaba da juya feda, a bar kan keken ya miƙe. A guji ciyawar gefen hanya, domin a nan tsidau yake, kuma ƙayarsa ce take jawo yawancin facin da ake yi a irin wannan fita. Idan garken shanu yana tsallaka burtali, a tsaya cik, a gaisa da makiyayi, a jira, kada wani ya kaɗa ƙararrawa ya firgita dabbobi.

Shiga ƙauye kuma yana da ladabinsa, wanda na ga matasa da yawa suna sakaci da shi. A rage gudu tun daga bakin gari saboda yara da awaki da hatsin da ake shanyawa a gefen hanya lokacin kaka, a yi wa dattawan da ke zaune sallama, kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. A nan akan yada zango na minti 20 a gindin bishiya, a sayi ƙosai ko fura da nono a hannun mutanen garin. Kafin a juyo, madugu ya ƙirga mutanensa, kowa ya latsa tayoyinsa ya ji iska, sannan waɗanda suka fi gajiya a sa su kusa da jagaba, domin a dawowa rana ta ɗaga kuma ƙafa ta yi nauyi.