Yadda Kitsen da Ya Taru a Jijiyar Zuciya Ke Fashewa

Mutum na cikin harkokinsa lafiya ƙalau, ba haki ba ciwon ƙirji, sai a ji ya yanke jiki ya faɗi. Idan aka duba, sau da yawa jijiyar da ta toshe ba ta ma ƙuntata sosai ba kafin ranar. To me ya faru?

Mu leƙa cikin jijiyar. Kitsen nan ba a kan hanyar jini yake kwance ba, cikin bangon jijiyar yake kutsawa. Kwalastirol nau'in LDL, wani maiƙo da ke yawo a cikin jini, shi ne ke ratsa shimfiɗar cikin jijiyar, musamman inda jijiya ta yi rassa ko ta lanƙwasa, don a nan jini ke rikicewa maimakon ya wuce sumul. Fararen ƙwayoyin jini su bi shi su haɗiye, su cika fal, su mutu a wurin. Abin da ya rage shi ne wani curi mai laushi, jiki kuma ya saƙa masa murfi da zaren kolajin, wato sinadarin da ke ba fata da nama ƙwari. Kamar ƙurji ne a ƙarƙashin fata.

Wannan murfi shi ne abin lura. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a rana, kowane bugu kuma sai bangon jijiyar ya buɗe ya koma. Curin kitsen ba ya ɗaukar nauyi, saboda haka duk jan yana ƙarewa a kan murfin, ya fi tsananta a gefunansa, inda ya haɗu da lafiyayyen bango. A daidai wurin ne kuma ƙwayoyin kumburi ke taruwa suna sakin sinadaran da ke cinye kolajin. Ana ja daga waje, ana ci daga ciki. Idan kaurin murfin ya gaza maikiron 65 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), likitoci na ɗaukarsa mai haɗarin yagewa.

Da zarar ya yage, jini ya taɓa kitsen, nan take zai daskare ya zama gudaji. Cikin mintoci hanya na iya rufewa ruf, naman zuciya ya fara mutuwa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, jijiya kan buɗe ta waje don ta ba curin wuri, sai jini ya ci gaba da wucewa, mutum bai ji komai ba. Shi ya sa ba a jiran ciwo. Sauko da hawan jini na rage jan da ake wa murfin, barin sigari na rage kumburi, magungunan sauko da kwalastirol da ake kira statin kuwa na rage kitsen, murfin ya ƙara ƙwari.