Maiƙon jini: takardar gwaji mai kyau ba shaidar lafiyar zuciya ba ce

Laccar da wata likita ta gabatar a Gombe, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da zuwa.

Kwanan baya wani dattijo daga Kumo ya miƙo mini takardar gwajinsa yana murmushi, wai an ce jininsa ba maiƙo. Na ce, Baba, kawo hannu. Da na auna, sai ga 170 bisa 100, wato hawan jini.

Maiƙon jini iri-iri ne. Akwai LDL mai taruwa a bangon jijiya har ya toshe ta, akwai HDL mai kwasar kolestarol zuwa hanta, sai tiraigilisarid, wato kitsen da ke yawo a jini. Lissafin da likitoci suka daɗe suna hasashen ciwon zuciya da shi ya samo asali ne daga binciken da aka fara a 1948 a garin Framingham na Amurka, kuma kusan duk waɗanda aka auna Turawa ne.

Mu baƙar fata, galibi tiraigilisarid ɗinmu bai kai nasu ba, HDL kuwa ya ɗara. Mutanen Indiya da Fakistan akasin haka suke, kuma jijiyar zuciyarsu kan toshe tun da sauran ƙuruciya. To, takardarmu takan fito tas, ciwon suga yana ta kunno kai ta ƙarƙashi. Ga kuma Lp(a), wani nau'in maiƙon jini mai toshe jijiya, wanda gadonsa ake yi. Ya fi yawa a jinin 'yan asalin Afirka, gwajin yau da kullum kuma ba ya duba shi. Abin da ya fi kayar da mu dai hawan jini ne, shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.

Na ga Alhaji yana shirin cewa, "Fulani fa?" Gaskiya ne, wani bincike da aka wallafa a 2001 kan makiyaya a Filato ya nuna suna shan nono da man shanu sosai, amma maiƙon jininsu lafiya lau. Sai dai, Alhaji, su yini suke bin shanu a ƙafa. Kai daga mota sai shago, da daddare tsire da lemon kwalba, miya kuma ta sha gishiri da magi.

Ga na'urar awo can bakin ƙofa, kowa ya miƙa hannu kafin ya fita. Hajiya, kin ɗaga hannu, bismillah.