Yaro na rera waƙa daga takarda, karatu yake ko hadda?

Jama'a kun ga irin bidiyon nan dake ta yawo, yarinya 'yar shekara huɗu riƙe da takarda tana rera waƙa tiryan-tiryan, kowa na cewa ai ta iya karatu. To ku duba idonta da kyau. Kun gani? Mai ɗaukar bidiyon take kallo, takardar ma saura kaɗan ta juya ta. Hadda ce wannan, kuma ba laifi, amma da sauran aiki.

Waƙa kam tana taimakawa. Tun 1983 Lynette Bradley da Peter Bryant a Ingila suka nuna cewa yaran da kunnensu ke kama amsa-amo da kamannin sauti sun fi saurin kama karatu daga baya. A Indiya kuma Brij Kothari ya kawo dabarar sa rubutun waƙoƙin fim a ƙasan talabijin, cikin harshen da ake rerawa, kalma na canja launi daidai lokacin da mawaƙi ya faɗe ta. Ku riƙe wannan na canja launin, shine sirrin.

Farkon abin mai sauƙi ne, zaɓi gajeriyar waƙa da yaro ke so, ku rera har ta zauna masa, ka rubuta da manyan baƙaƙe. Shikenan.

Ga inda ake tafka kuskuren. Bari mu ɗauki layi ɗaya da na ƙirƙira, kar ku min dariya ni ba mawaƙi bane: kaza ta kama fara ta gudu. Kalma shida. Ka ce ya ɗora yatsa kan kowace kalma yana rerawa, yatsan ne zai yi aikin canja launin nan. Kalli yatsan nan, ya kai ƙarshen layi bakin yana tsakiya. Dalili kuwa waƙa tana jan gaɓa, kaaaza sai ta zame masa kamar kalma biyu, "ta kama" kuma ta haɗe ta zama kalma ɗaya, shi kunnensa baya jin gibin nan da muke bari tsakanin kalmomi a rubuce, sai an nuna masa.

Saboda haka a cire karin waƙar gaba ɗaya, a faɗi layin kamar magana, a hankali, yatsa ɗaya kalma ɗaya. In ya daidaita sai a kawo almakashi. Yanka kalmomin, watsa su kan tebur, ka ce ina kalmar fara? Zaka ga yana motsa baki yana rero waƙar a zuci yana ƙirge, wayo kenan, to yanzu babu layin da zai ƙirga, dole ya kalli baƙin.

Nan ne nafi so. Ɗauko kaza da kama, ka tambaye shi me ya haɗa su. Ka. Raba su gaɓa-gaɓa, ka-za, ka-ma, sai ka ɗauki gaɓar za, ka liƙa ta da gaɓar ma. Zama. Wannan kalmar babu ita a waƙar ko sau ɗaya, babu haddar da zata cece shi. In ya tsaya ya yi shiru kar ki faɗa masa Hajiya, na san bakinki na ƙaiƙayi, ki ƙirga biyar a zuciyarki tukuna. In ta gagara a maida gaɓar za wajen ka ta koma kaza, a sake daga za.